Tambaya da Amsa: Kalar Sikirin Daban, Ta Takarda Daban

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wanga karon saƙonnin da sunka shigo kusan duk abu guda suke kuka da shi, wato kala. Ban yi mamaki ba, an shiga ruwan bukukuwa kowa na son a ɗaura kafin azumi, masu zanen katin gayyata da bana da sitika ba su barci, kuma inda aiki ya yi yawa nan rigima da kwastoma ke yawa. Na zaɓo biyar, ta farko zan daɗe a kanta don amsarta ita ce gindin sauran.

TAMBAYA: Salam Malam ina wuni ya aiki. Ni ina zanen katin aure da bana da CorelDraw shekara biyu ke nan. Satin da ya wuce niy yi ma wani Alhaji katin auren ɗiyatai, bulu da ruwan gwal, a laftof ɗina wallahi ya yi kyau ƙwarai, shi ma da nit tura mai ta waya yac ce ya yi. Da anka buga ɗari biyar sai bulun ya koma shunayya, hoton ango kuma ya yi duhu awa da magariba anka ɗauke shi. Alhaji ya riƙe cikon kuɗina, mai firinta yac ce shi abin da nib ba shi shi yab buga. Don Allah laihin wa na, kuma mi zan yi?
Mai zane daga Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah shi mayar maka da alheri. Na san zafin wanga abu don ya taɓa cina. Shekarun baya na yi banar walimar saukar Alƙur'ani ta wata islamiyya, yara sun fi talatin kowa da allonsa, a sikirin kowace fuska tas, da anka rataya banar iyaye sunka yi ta matsowa suna neman 'ya'yansu, fuskokin duk sun haɗe da inuwa. Wata uwa ta daɗe tsaye tana kallo sannan ta ɗora yatsa kan wani yaro ta ce ko wanga ne nawa? Har yau in na tuna raina na sosuwa. Na tafi da faɗa inda anka buga, mutumin bai tanka min ba, ya buɗe fayil ɗina a tasa kwamfutar ya juyo min da ita, sai ga duhun nan a ciki tun daga gida. Sikirin ɗina ne ke min ƙarya ban sani ba.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne sikirin fitila ne, takarda kuwa ba ta da hasken kanta. Sikirin yana haɗa haske kala uku, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB da kake gani a manhajarka, kowace kala tana da mataki 256 daga 0 zuwa 255, in ka cika su duka ka samu fari. Firinta kuma tawada take zubawa, CMYK, wato bulu mai ruwan omo da jan hoda mai ƙarfi da ruwan ɗorawa da baƙi, kuma duk tawadar da ka ƙara duhu kake ƙarawa, farin takardar shi ne iyakar haskenka. Akwai kalolin da fitila ke iya fitarwa waɗanda tawada ba ta kai su ko injin na nawa ne, kuma bulun nan mai ƙyalli da muke so a katin aure yana sahun gaba. In ka zaɓi R0 G0 B255, wato bulu zalla na sikirin, ka bar manhaja ta juya shi da kanta, takan cika C ta kuma zuba M mai yawa har su kusa yin kai ɗaya, to bulu da jan hoda in sun yi kai ɗaya mi za su haifa in ba shunayya ba. Maganinsa ka buɗe aikin bugu a CMYK tun farko ka rubuta lambar da hannunka, ka bar M ƙasa da C da tazarar kamar 30 ko fiye, misali C100 M70 Y0 K0, ko M60 in kana son ya ƙara buɗewa. A sikirin zai yi maka kamar ya ɗan mutu, kada ka damu, shi ne gaskiyar abin da zai fito.

Duhun fuskar ango kuma daga hasken laftof ɗinka ne, kusan zan iya rantsuwa. Mu nan Sakkwato rana ta yi mana yawa, shago ƙofa buɗe, haske na bugo sikirin, sai mutum ya ƙure hasken laftof har ƙarshe don ya gani. Laftof da yawa in an ƙure su suna kai nit 250 zuwa 300, nit shi ne ma'aunin ƙarfin hasken sikirin, alhali masu aikin bugu tsakanin 80 da 120 suke aje nasu. Kai kana kallon hoto mai duhu ta cikin fitila mai ƙarfi kana cewa ya yi, takarda kuwa ba ta da wagga fitilar da za ta rufa maka asiri. Gwaji mai sauƙi ba ko sisi: buɗe shafi fari fes a sikirin, ɗauko farar takarda A4 ka riƙe gefensa a hasken ɗakin da kake aiki, ka yi ta rage haske har farin biyu su kusa zama ɗaya, sikirin ya daina haska takardar kamar tocila. Kwana biyun farko za ka ji kamar an rage maka ido, daga baya za ka saba.

Amma kafin nan gyara wurin zamanka. Kada taga ko ƙofa ta kasance bayanka ko gabanka, ta zo ta gefe, in da hali sa labule mai ruwan toka ko fari, ba ja ko kore ba don bango da labule suna rina abin da ido ke gani. Goge ƙurar hunturu da tsumma mai laushi, wannan siririyar ƙurar da ke kwanciya kan gilas tana sa baƙi ya koma toka-toka kuma ba ka lura sai ka ja yatsa. Ka kunna kwamfutar ta yi kamar minti 30 kafin ka yanke hukunci kan kala. Ka kashe Night light na Windows, wanda ke sa sikirin ya yi ruwan ɗorawa da dare, na ga yara da yawa sun bar shi kunne suna zane suna ta ƙara bulu don su gyara abin da ba ya cikin hoton. Sannan ka lura in an ɗauke wuta laftof ya koma batir yakan rage haske da kansa, wasu har bambancin fari da baƙi suke canjawa don tattalin caji, saboda haka aikin gyaran kala ka yi shi caja na jone, da wuta ko sola ko janareta.

Daga nan sai ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta dccw, zai buɗe maka abin daidaita kala da ke cikin Windows kyauta. Zai fara da gamma, wasu da'irori masu ɗigo a tsakiya, ka ja har ɗigon ya ɓace cikin da'irar, wannan shi ke gyara tsaka-tsakin haske inda fatar mutum take. Sai hoton mutum da baƙar kwat, ka tabbata kana bambanta rigar ciki da kwat ɗin, sai na farar riga ka tabbata kana ganin maɓallai da lanƙwasar yadin, a ƙarshe sandunan ruwan toka, in ka ga sun ja zuwa kore ko ja ko bulu ka rage wannan kalar har su zama toka zalla. Ido ne ma'aunin a nan kuma ido na sabawa da kuskure da wuri, don haka ba cikakken gyara ba ne, amma ya fi zama haka nan nesa ba kusa ba.

Duk wanga wahalar dalilinta guda, a samu mudu ɗaya. In mudunka ya fi na kasuwa zurfi ko ya kasa, kullum kana cikin rigima ko ba ka yi niyyar cutar kowa ba. Mudun da duniya ta fi yarda da shi a sikirin sunansa sRGB, kamfanonin HP da Microsoft sunka fito da shi a 1996, farinsa 6500K ne wato kusan hasken rana na tsaka-tsaki, gammarsa kusan 2.2. In monita ce ta tebur mai maɓallai a jiki duba ko tana da zaɓin sRGB ko 6500K ka sa ta nan, ka guji 9300K, yana sa fari ya yi bulu-bulu kamar rigar da anka cika ma bula, yana burge ido amma ƙarya ce.

Laifin wa? Kaso mafi yawa naka ne ƙanena, kuma ba don ba ka iya zane ba. Amma shi ma mai bugu da ya ga aiki ɗari biyar ya kamata ya fitar da guda ɗaya ya kira ka. Daga yau kada ka yarda a saki inji sai an buga maka gwaji a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, don mai sheƙi da marar sheƙi ba su shan tawada iri ɗaya, fuleks, ledar da ake buga bana a kai, ma nasa daban. Ka fito da gwajin waje cikin inuwa ka duba, yadda mai sayen shadda ke fitowa da ita bakin shago don bai yarda da ƙwan lantarkin ciki ba, sannan ka kai ma mai aikin ya gani da idonsa ya sa hannu a baya. Kuɗin gwaji ɗaya bai kai kusa da abin da Alhaji ya riƙe maka ba. Shi kuma ka je ka same shi da girmamawa ka yi masa wanga bayani, ka nemi a raba asarar, manya sukan sauko in sun ga yaro bai zo da gardama ba.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ina sayar da jakunkuna da takalman fata na majemanmu na nan gida, da leshi kaɗan, duk ta status. Wata ta saya daga Kaduna tac ce jakar da ta gani ja ce jawur amma wadda ta iso ruwan makuba ce, ta maido min na biya kuɗin mota sau biyu. Ni ba ni da kwamfuta waya ce kawai.
Wata 'yar kasuwa daga Runjin Sambo

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah shi sa albarka a nema. Ke taki matsalar ta ratsa hannu uku, kyamararki da sikirin ɗinki da sikirin ɗin mai saye, biyu na hannunki, na ukun ba ki da iko da shi kuma gara ki san haka tun yanzu.

Kyamarar waya tana ƙoƙarin ta gane mene ne fari a wurin da kanta, to in kin cika hoton da jar fata babu wani abu fari ko toka a ciki sai ta rikice ta yi gyaran da ba a sa ta ba, ga shi kuma wayoyin yanzu suna ƙara ma kala gishiri don hoto ya burge. Jar fatar Sakkwato ba ta buƙatar wannan taimakon, fatar jar akuyar nan tamu ce fatake ke ƙetara sahara da ita tun zamanin da har Turawa sunka riƙa kiranta fatar Maroko don ta can ta iso musu. Ki shimfiɗa farin yadi ko kwali mai ruwan toka ki ɗora jakar, ki ɗauka a inuwar zaure ko ƙarƙashin rumfa da hantsi, ba cikin tsakar rana ba, ba kuma da dare ƙarƙashin ƙwan ɗaki ba, filasha a kashe, filta mai canja kalar hoto ko ɗaya kada ki sa. In kin ɗauka ki riƙe wayar gefen jakar ki kwatanta nan take, farin yadin nan shi ne shaidarki, in ya fito fari a hoto to kalar jakar ma ta kusa gaskiya.

Sai ki shiga saitin sikirin. In Samsung ce akwai Vivid da Natural, ki koma Natural, shi ya fi kusa da sRGB ɗin da na faɗa a sama. In iPhone ce kashe True Tone da Night Shift lokacin da kike duba hoton kaya. Sauran wayoyi ma suna da abin kare ido mai sa sikirin ya yi ɗorawa-ɗorawa, a kashe shi. Wadda ta nuna da gaske saye za ta yi, tura mata hoton a matsayin dokumen a WhatsApp don kada a matse shi, ki ƙara da ɗan bidiyo kina juya jakar a haske, kuma ki faɗi kalar da baki, ki ce ja ne mai duhu ya ja zuwa makuba ba jan tumatir ba. Wannan jimlar guda da kin rubuta ta da ba ki biya mota sau biyu ba.

TAMBAYA: Yaya ina karatu a jami'ar Danfodiyo ina kuma koyon zanen dijital da Photoshop. Na ga ana maganar wata na'ura da ake rataya ma sikirin ta gyara kala, shin dole sai na saya? Laftof ɗina na hannu ne.
Ɗalibi daga Dundaye

AMSA: Ƙanena ba dole ba ne yanzu, kuma kafin ka yi tunaninta duba sikirin ɗin kansa. Buɗe hoto ka ɗan tura murfin laftof baya ka jawo shi gaba, in ka ga kala na canjawa fuska na yin baƙi ko fari fat to irin TN ne, wanda ko sunkuyawa ka yi kalar ta sauya. Ɗayan irin sikirin, IPS, shi ke riƙe kala ta kowane gefe. Sannan ka nemi lambar laftof ɗin a intanet ka ga abin da anka rubuta kan sikirin ɗinsa, in ka ga 45% NTSC, wato awon yawan kalar da sikirin ke iya fitarwa, to kusan kashi biyu cikin uku na sRGB kawai yake iya nunawa, akwai ja da kore da bai taɓa nuna maka ba tun da ka saye shi. Wanda anka rubuta 72% NTSC ko 100% sRGB shi ne na aiki. Na'ura ba ta ƙara ma sikirin kalar da ba shi da ita, awo kawai take ta gyara karkata. Don haka in kuɗi ya shigo, monita IPS ko ta hannu ce ita ce gaba da na'ura.

Yadda take aiki kuwa, ana rataya ta a tsakiyar sikirin, manhaja ta yi ta nuna kaloli ɗaya bayan ɗaya ita kuma tana auna abin da ya fito da gaske, a ƙarshe ta rubuta wani ɗan fayil da ake kira furofayil na ICC, wanda ke gaya ma Photoshop ga inda wanga sikirin ke kuskure ga yadda za a cike. ICC ɗin ƙungiya ce da Adobe da Apple da Microsoft da Kodak da wasu sunka kafa a 1993 don a samu yare ɗaya tsakanin kyamara da sikirin da firinta. Sanannun na'urorin su ne Spyder na Datacolor da kuma na Calibrite waɗanda da can X-Rite ke sayar da su da sunan i1Display, akwai kuma manhaja kyauta DisplayCAL da ke aiki da yawancinsu. Abin da nake ba matasanmu shawara, tunda awon sau ɗaya a wata ya isa kuma bai cin awa guda, ku haɗu ku biyar ko shida ku yi karo-karo ku sayi ɗaya ta riƙa zagayawa kamar adashi, mai riƙo ya aje ta cikin kwalinta nesa da zafi da ƙura, kada a bar ta cikin but ɗin mashin a zafin ranar watan Afrilu. Kuma kada ka kwafi furofayil ɗin abokinka ko da laftof ɗinku iri ɗaya ne, kowane sikirin da irin tsufansa.

Kafin nan, duk zanen da za ka sa a intanet ka yi shi a sRGB ka kuma bar furofayil ɗin cikin fayil lokacin sebin. Adobe RGB na 1998 ya fi faɗi musamman wajen kore, amma in ka tura shi inda ba a karanta furofayil sai ya fito a koɗe. In bugu za a yi danna Ctrl da Y a Photoshop ka ga kwatankwacin yadda zai koma a CMYK tun kana da damar gyarawa.

TAMBAYA: Malam na jona kwamfuta da talabijin ta HDMI don in samu babban sikirin, amma baƙi ya koma toka, fuskoki kuma kamar an shafa musu manja.
Daga Gawon Nama

AMSA: Ɗan'uwa talabijin an yi ta ne don kallo daga nesa, tana ƙara kala da kaifi da kanta. Fitar da ita daga Vivid ko Dynamic ka sa ta a yanayin PC in tana da shi, ko Movie, ka rage kaifin hoto. Baƙin da ya koma toka kuwa rashin jituwa ne, siginar bidiyo daga 16 zuwa 235 take, ta kwamfuta daga 0 zuwa 255, in ɗaya na aika wannan ɗaya na jiran wancan sai baƙi ya tashi. Shiga saitin katin hoto na Intel ko Nvidia ko AMD ka sa shi Full, talabijin ɗin ma ka daidaita nata matakin baƙi ya zo ɗaya. Ta yi kyau wajen nuna ma kwastoma aiki, amma ni ba zan yanke kala a kanta ba.

TAMBAYA: Malam ina da yaro a shago mai hankali da ladabi, hannunsa na da kyau, amma sau uku yana sa min ruwan ƙasa inda nic ce kore, tutar Najeriya ma sai da ya ɓata. Na gyara sikirin, na yi faɗa, abin bai canja ba. Ko sakaci na?
Mai shagon buga takardu daga Tudun Wada

AMSA: Alhaji don Allah a dakata da faɗan. In kai da shi kuna kallon sikirin guda kai kana ganin kore shi yana ganin wani abu, kuma kullum tsakanin kore da ja da ruwan ƙasa ne, to akwai yiwuwar idonsa ne bai rarrabe su, halitta ce da ake gado ta wajen uwa, ta fi yawa ga maza nesa, kuma da yawa suna girma ba su san suna da ita ba, sai dai su yi ta shan faɗa suna shiru. Akwai gwajin da wani likitan ido ɗan Japan mai suna Ishihara ya fitar a 1917, da'irori ne cike da ɗige-ɗige masu kala da lamba ɓoye a ciki, mai lafiyar gani zai karanta lambar, shi kuma ba zai gan ta ba ko ya ga wata daban. Kai shi asibitin ido a yi masa a kan littafin gwajin na takarda, kada ku dogara da na waya tunda mun ga yadda waya ke canja kala. Minti kaɗan ne.

In ta tabbata ba dalilin sallamarsa ba ne. Rubuta masa lambobin kalolin da kuka fi aiki da su ka manna a bango gefen kwamfuta, koren tuta kaza, bulun katin aure kaza, ruwan gwal kaza, ka koya masa ɗaukar kala da abin tsotson nan mai kama da ɗigon maganin ido ya karanta lambar maimakon ya dogara da gani, kai kuma ka riƙa duba aikin kafin a tura inji. Kuma ka kira shi gefe ku biyu ka faɗa masa, ba gaban sauran yaran shago ba.